Tayi na Uku da Ya Ci Rigar Babana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan yi tsufan da sai an riƙa tuna mini sunayen 'ya'yana. Ranar wata Juma'a ce a unguwar Utaiƙa ta birnin Riyad, a shekarun da aka farfashe titunan garin ana haƙan hanyar jirgin ƙasa. An daɗe da yin abin, amma har yau in ya faɗo mini a rai sai jinina ya tafasa, in ji kamar in cire hulata in tattake. Uku nake jin haushi a kan maganar nan: Isuhu Badamagare, da Mista Lam, da kuma babban mai laifin, wanda nake kwana da shi nake tashi da shi, wato bakina.

Bari in faro daga tushe. A lokacin ni direba ne a wani kamfani mai sa wa dogayen gine-gine gilashi, ofishinmu yana Malaz. Aikina ɗaya ne: in ɗauki injiniyanmu Mista Lam in kai shi wurin aiki, in dawo da shi. Mutumin Sin ne daga birnin Guangzhou, ɗan firit da shi, in ya tsaya kusa da ni sai ka ce tulu da ludayi (ni ne tulun, ba sai ka tambaya ba). Shekara huɗu muka yi a mota ɗaya. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, don haka muka haɗu a tsakiya: Larabcin titi, da guntun Turanci, ragowar kuma hannu da ido su ƙarasa. Yana kirana Hajji, ina kiransa Mudir, wato manaja. Mutumin kirki ne, wannan kam ko ina cikin fushi ba zan ci haƙƙinsa ba.

Cunkoson Riyad na wancan lokaci kuwa, in ka shiga da baƙin gemu da furfura za ka fito. Don rage zaman shiru sai muka riƙa musayar kalmomi. Ni in koya masa "sannu da aiki" da "ina gajiya", shi ya koya mini na yarensa, wanda ya ce sunansa Kantonis. (Yare ne da in suna gaisawa a waya sai ka rantse gado suke rabawa.)

Akwai wani tsohon fulas na shayi da Mista Lam yake yawo da shi, ya lotse, fentin ya goge, an naɗe murfin da salatif. Wata rana na gaji na ce, "Mudir, don Allah ka jefar da abin nan, yana zubar mana da mutunci a gaban leburori. Ko kai bakhil ne?" Wato marowaci. Sai mutumin nan ya juyo kamar na zagi kakarsa.

"La, la, Hajji! Bakhil a wurinmu gu hon. Ni ba gu hon ba ne. Ni m se dak."

Na ce to mene ne bambancin? Tun daga Malaz har kasuwar kayan lambu ta Aziziya yana bayani. Gu hon, in ji shi, shi ne mai abu ya hana don tsabar ƙwauro, ko ruwan sanyi ba ka sha a hannunsa. M se dak kuwa ba hali ba ne, ciwo ne: kana so ka saki abu, zuciya ta ce ba ta san zancen ba. Shi ake faɗa in za ka rabu da 'yarka a filin jirgi. Shi ake faɗa in za ka bar garin da ka saba da shi. Shi ake faɗa a kan fulas ɗin da matarka ta saya maka ranar da ka fara barin gida. In kuma zuciya ta yarda ta saki, sai a ce se dak.

Na yi dariya har na kusa hawa bayan wata motar kankana. Na ce, "Mudir, duk rowa ce, hula kawai kuka ɗinka mata." Na kuma bugi ƙirji na shaida masa mu Hausawa ba mu san wannan cutar ba, mu in muka ce ungo, to ungo ne. Ina faɗa, Allah Yana jina.

To akwai wani abu da na lura da shi game da Mista Lam, kuma shi ne ramin da na haƙa wa kaina. Na taɓa dawowa daga hutu na kawo masa kilishi. Ya ɗaga hannu biyu yana kaɗa su, "M sai, m sai!" Wato ba sai ka wahala ba. Na ce haba, ungo mana. "M sai, m sai!" Na ce to, na mayar da kilishina, a gabansa ma na cinye abina muna jiran danja. Na miƙa masa dabino, m sai. Na miƙa masa turare, m sai. Sai na yanke hukunci, ni kaɗai, ba tare da na tambayi kowa ba: mutumin nan ba ya karɓar kyauta, ko al'adarsu ce ta hana, ko dokar kamfani. Daga nan fa na samu gona. Duk abin da ya kalla sai in ce ungo. Hulata, ungo. Wayata, ungo. Sau ɗaya, sau biyu, ya kaɗa hannu, in mayar da abina aljihu, in kwana ina jin ni ne sarkin kyauta na ƙasar Saudiyya, alhali ko tsinke bai bar hannuna ba.

Yanzu sai maganar riga. Babbar riga ce ta saƙi, aska takwas, aikin hannu tun daga wuya har ƙasa, ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa. Cikin duk abin da ya bari ita kaɗai na ce ina so. Ƙanena na ciki ɗaya ya roƙe ni aronta ranar ɗaurin aurensa, na dubi idonsa na ce asu ya taɓa ta (asun da ya isa ya taɓa ta ba a haife shi ba). Tun daga Kano na taho da ita a ƙasan akwati, naɗe cikin zane da kanumfari. Sau biyu take ganin rana a shekara, ƙaramar Sallah da babba. In na sa ta ba na jingina da bango, ba na kusantar miya, in yaro ya nufo ni da alewa sai in canza layi. Har lokacin in na sa hanci a wuyanta ina jin turaren Baba, ko kuwa hancin ne yake tausaya mini, oho.

Da kwantiragin Mista Lam ya ƙare, aka buga masa bizar fita ba dawowa, sai na ce ba zai bar ƙasar nan ba sai ya ci abincinmu. Na je na sami Baba Malam Haladu, wani dattijo mai sayar da dabino wanda ya fi kowa daɗewa a Riyad cikinmu, wanda duk Bahaushen da ya shiga matsalar iƙama, wato takardar zama, ko rigima da kafili, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, gidansa yake fara zuwa. Ya ce a yi a tsakar gidansa bayan an sauko daga Juma'a. Aka yi kabsa, shinkafar nan ta Larabawa da nama, faranti-faranti, aka tuƙa tuwo da miyar kuka don baƙo ya ga abin da ya gina mu. In na ce mutum ɗari sun zo na yi ƙarya, ba su fi talatin ba. Amma kunyar da na kwasa ranar ta mutum dubu ce.

Da safe Shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata ya ce, "Kai ne fa uban taro, yau ranar riga ce." Na ce gaskiyarka. Ina cikin goge 'yar cikin da zan sa a ƙasa, waya ta ɗauke mini hankali, dutsen guga ya zauna a bayanta ya buɗe taga wadda za ka iya zura kai. Sauran kayana duk suna wanki. Na ce ai riga za ta rufe, wa zai gani?

Na shiga gidan Baba Malam ina taku ɗai-ɗai, ina naɗe hannun riga a kafaɗa kamar wanda ya zo buɗe asibiti. Zafin ranar kuwa, ko ƙadangare ya nemi inuwa, ni kuma ina cikin saƙi ina dahuwa, amma ban nuna ba. Aka ci aka sha. Mista Lam ya yi kokawa da tuwo, tuwo ya yi nasara, aka kawo masa cokali. Ana cikin shan shayi sai ya matso kusa da ni, ya sa ɗan yatsa a kan aikin ƙirjin rigar yana bin zaren a hankali.

"Hajji, wannan da hannu aka yi? Jamil. Jamil wajid." Wato ta yi kyau ƙwarai.

A nan ne Isuhu ya sa baki. Isuhu mutumin Damagaram ne, direban tankar ruwa, kuma ka san tsakanin Kanawa da Damagarawa ba a raga wa juna. Shekara goma muna tsokanar juna, ban taɓa barinsa ya ci ni ba. Ya ajiye kofinsa, ya ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji.

"Jama'a, baƙo ya yaba riga! A Damagaram in baƙo ya yaba riga, kafin ya rufe baki an tuɓe an ba shi. Amma yau Bakano ne a ciki, sai dai baƙo ya tafi da yabonsa."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Kai bawana, rufe mini baki, me aka sani a garinku ban da rairayi?"

"Mun san kyauta, ranka ya daɗe. Ku kuwa ko gaisuwa sai kun tambayi riba."

Aka sake fashewa. Nan fa kaina ya ɗau zafi, kuma nan take lissafi ya zo mini, lissafin da a lokacin na ɗauka ko malamin jami'a sai ya sara mini. Mutumin nan ba ya karɓar kyauta. Shekara huɗu ina gwada shi. In na tuɓe rigar nan na miƙa masa, zai ce m sai, in mayar da abata, in bar Isuhu da baki buɗe, sunana kuma ya zaga Utaiƙa har Aziziya. Ciniki ba asara.

Na miƙe tsaye. Na kama wuyan rigar na zare ta ta kai, a hankali, don kowa ya ƙoshi da kallo. Na juya wa bango baya saboda tagar nan (wannan kaɗai ne wayon da na yi a ranar, shi ma bai daɗe ba). Na ninke ta a kan hannuwana na ce, "Mudir, tafaddal. Taka ce." Tafaddal ɗin nan shi ne ungo na Larabawa.

Tsakar gida ta ɗauki kabbara. Mista Lam ya zabura ya ɗaga hannu biyu.

"M sai, m sai! La, Hajji, la!"

Na ce a raina, yawwa ɗan albarka. A fili kuwa na ƙara matsawa. "Wallahi Mudir ka fi ƙarfin riga a wurina. Ungo."

"M sai, m sai! Wannan babba ne, ba zan iya ba!"

Alhamdu lillahi. Sau biyu ke nan, daidai inda muka saba tsayawa. Na fara janyo hannuna, har na fara shirya fuskar wanda aka ƙi karɓar kyautarsa ransa ya sosu. Sai muryar la'anannen nan ta sake tashi.

"Kun gani ko? Tayin Kanawa ke nan! Baki na cewa ungo, gwiwar hannu na komawa gida!"

Jama'a, da na yi shiru a nan, da yanzu rigar tana cikin akwatina. Amma ina! Na juya na harari Isuhu, na dawo kan Mista Lam, na buɗe murya kamar mai wa'azi a kasuwa. Na ce shekara huɗu mun ci gishiri tare. Na ce in bai karɓa ba ya raina ni, ya raina Kano, ya raina Najeriya da maƙwabtanta. Na dangwara masa rigar a ƙirji, karo na uku.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin nan ya sauke hannuwansa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe, ya ɗan sunkuya, ya sa hannu biyu ya kama rigar.

"Do je, Hajji. Do je." Wato na gode.

Na ce, "Na'am?"

Ya juya ga jama'a yana haɗa Larabci da Turanci, Isuhu kuma ya naɗa kansa tafinta ba wanda ya roƙe shi. Ya ce a garinsu ba a karɓar kyauta a tayin farko, rashin kunya ne. Ba a karɓa a na biyu, zalama ce. Sai mai bayarwa ya nace har sau uku, sannan a san da gaske yake. Ya ce, "Shekara huɗu Hajji yana ba ni abu, in ce m sai, sai ya mayar aljihu. Har kilishi ya cinye a gabana, ina jin ƙamshi. Na ce a raina wannan mutum gu hon ne. Yau na gane na zalunce shi. Ashe babban abu yake tanada mini. Yau Hajji se dak!"

Aka yi ta tafi. Wani yana cewa "Allah Ya saka da alheri, Alhaji!" Wani yana cewa ba a taɓa yin Bakano irina ba. Ni kuwa kunnuwana sun toshe, abin da nake gani kawai shi ne aska takwas ɗin Baba a hannun mutumin da ko tsayin rigar bai kai ba.

Ya ja rigar a hankali zuwa jikinsa. Ba ta tafi ba. Ya ɗan ƙara ja. Ba ta tafi ba. Na duba ƙasa, sai na ga ashe yatsuna goma sun nutse a cikin saƙin kamar ƙafar shaho a bayan ɗan tsako. Wallahi ban aike su ba. Na ce musu ku saki, suka ce ba da mu ba.

Mista Lam ya ɗauka wata al'ada ce tamu, sai ya yi murmushi ya ƙara ja. Ni ma na yi murmushi na ja. Ya ja, na ja. Tafin jama'a ya fara raguwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwan sama na ɗaukewa.

Na ce, "Mudir, ai... ta yi maka yawa. Bari in kai a rage."

"Mafi mushkila, Hajji," wato ba matsala, "a bango zan rataye."

A bango! Rigar Baba a bango kamar kalanda! Na ce, "Akwai gumi a jiki, sai an wanke."

"Mafi mushkila."

"Kwastan fa? Kwastan ɗin ƙasarku ba sa barin saƙi ya shiga, na ji a rediyo."

Wani daga baya ya ce, "Wace tasha?"

Ban san lokacin da abin ya ƙwace mini ba. Na ji zaren gefe ya yi ƙara, ɗan ƙiris, kuma wannan ƙarar ce ta tsinka mini igiyar hankali. Na daka wa bawan Allah tsawa da Hausa tsantsa, muryar da ko a filin ƙwallo ban taɓa yin irinta ba:

"Kai, sakar mini rigar ubana!"

Bai ji Hausa ba, amma ya ji tsawa. Ya saki. Ni kuma da ma na jingina da dukkan nauyina, sai na yi baya taga-taga, na juya don in tare faɗuwa, na dafa gwiwa ɗaya a cikin farantin kabsa, na tsaya a durƙushe, rungume da riga, bayana yana kallon jama'a. Tagar nan ta dutsen guga ta buɗe wa mutum talatin, da siffarta cif, har da tsinin gaba.

Ba wanda ya yi tari. Ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta maƙwabta. Sai Mista Lam ya ce, a hankali, ba da izgili ba, da tausayi (wanda ya fi izgilin ciwo sau goma):

"Ahh. Hajji m se dak."

Isuhu ya ce, "Mudir, me ke nan?"

Ya yi masa bayani tsaf, irin wanda ya yi mini a hanyar Aziziya, har da misalin 'ya a filin jirgi. Isuhu ya juya ga jama'a ya ce, "Ya ce wai ba rowa ba ce. Ciwo ne. Ku yi masa sannu."

Mutum talatin suka haɗa baki: "Sannu, Alhaji!"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Malaz. Wani dattijo har da kwanciya. Mista Lam kuwa hankalinsa ya tashi, ya zo ya ɗaga ni, yana kakkaɓe mini shinkafa daga gwiwa yana cewa, "Riƙe abinka, Hajji. Na babanka ne? Ban sani ba. Riƙe, riƙe." Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, mutunci dai ya tafi, amma riga ta dawo, an rage asara.

Sai Baba Malam ya yi gyaran murya. Tun da aka fara yana zaune a kan dardumarsa yana jan carbi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, ka ba shi ko ba ka ba shi ba?"

"Baba Malam, ai wato..."

"Sau nawa ka ce ungo?"

"Uku."

"Ya karɓa?"

"Ya... taɓa."

"Ɗana, mu nan baƙi ne a ƙasar mutane. Abin da ɗayanmu ya yi, dukanmu muka yi. Kana so bawan Allah nan ya koma garinsu ya ce Bahaushe yana amai ya lashe?"

Ka ga wannan kalmar? Ita ta ƙarasa ni. Fushi ya rufe mini ido: fushin Isuhu, fushin tagar bayana, fushin shinkafar da ke cikin wandona. Na cusa wa Mista Lam rigar a hannu. Ya ce m sai, kuma wannan karon har zuciyarsa yake nufi, na gani a idonsa. Na sake cusa masa. Ya ce, "La, Hajji, wallahi la." Ƙofa a buɗe take, in na yi shiru shi ke nan. Amma bakin nan nawa, wanda ba ya koyon darasi ko da an rubuta masa a allo, ya buɗe ya ce:

"Wallahi tallahi, in ka bar rigar nan a ƙasar nan sai na cinna mata wuta!"

Baba Malam ya ce, "To, ya rantse. Mudir, ɗauki."

Haka na ba da riga ɗaya sau shida a zama ɗaya, ban samu ladan ko ɗaya ba. Na fita daga gidan da aron shimagin wani, wato ɗankwalin nan na Larabawa mai ja da fari, na yafa a baya kamar mai jego. Kafin Sallar La'asar labari ya kai Aziziya. Kafin sati ya zagayo ya kai Kano, ƙanena ya bugo waya, ko gaisuwa babu, ya ce, "Yaya, ashe asun ɗan Sin ne?" Har na bar Riyad, in na shiga majalisa aka miƙo mini shayi, sai wani ya ce a karɓi kofin da wuri kafin ciwon Alhaji ya tashi.

Washegari kuma ni ne zan kai shi filin jirgi, don aiki ba ruwansa da ɓacin ranka. Rigar tana kan cinyarsa a cikin leda, ya ƙi sa ta a akwati. Tun daga Malaz huci kawai nake ina danna wa bayin Allah hon ba laifin tsaye ba na zaune. Da muka kusa sai ya ce, "Hajji, akwai kalma ɗaya da ban koya maka ba. Yuk cek."

Na sake danna hon, shi kuwa ya ci gaba.

"M se dak, abu yana hannunka tukuna. In ya riga ya tafi, kana tunawa kana jin kamar an yanki namanka, wannan yuk cek. Nama yana ciwo."

Na ce, "Mudir, ku mutanen nan ba ku da aiki ne sai sa wa baƙin cikin mutane suna?"

Ya yi 'yar dariya. Da na tsaya a bakin ƙofar shiga na sauke masa akwatuna, sai na ga yana kwance agogon hannunsa. Agogo ne na gaske, mai nauyi, irin wanda in ka ɗaura sai ka riƙa nuna wa mutane hanya ko ba su tambaya ba. Ya riƙo shi da hannu biyu ya miƙo mini.

"Hajji, tafaddal."

Hannuna har ya fara tafiya. Amma na ce tsaya, yanzu ai na san dokar wasan, ba za a sake yi mini kallon marar tarbiyya ba. Na ɗaga hannu biyu na kaɗa su yadda yake yi. "M sai, m sai!"

"Don Allah, Hajji. Karɓi."

"M sai, m sai!" Na faɗa har da kawar da kai, ina leƙen agogon ta wutsiyar ido, tafin hannuna yana ƙaiƙayi, ina jiran na uku.

Ya tsaya ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya gyaɗa kai cikin girmamawa.

"Gaskiya ne. Jiya na ga abin da naci yake jawowa a wurinku. Ba zan takura maka ba, Hajji."

Ya mayar da agogonsa ya ɗaure. Ya rungume ni, kansa iyakar ƙirjina, ya ce da Hausar da na koya masa da bakina, "Sannu da aiki." Ya rungumi ledar rigar Baba ya shige, ƙofar gilashi ta rufe a bayansa. Na tsaya da hannu biyu a sama har wani ɗan sanda ya zo ya ce in kawar da mota.

Abin da na koya, kuma kyauta nake ba ka shi, sau ɗaya tak, in ka ƙi ba zan maimaita ba: kafin bakinka ya ce ungo, ka fara shawara da yatsunka, don su ne za su tona maka asiri a gaban jama'a. In kuma wani ya ce maka ungo, ɗan'uwa, bar al'adar mutanen da ba kakanka ya kafa ba. Miƙa hannu tun a karon farko, ka yi godiya daga baya.